Murya Biyu, Suna Ɗaya: Haƙƙin Abokiyar Rerawa a Waƙoƙin Fina-finan Hausa

Duk wanda ya bibiyi tarihin waƙar soyayya a Amurka zai tarar cewa wasu fitattun waƙoƙin ba a ambaton su sai da sunaye biyu. A 1967 kamfanin Motown ya fitar da "Ain't No Mountain High Enough", kuma har yau ana kiran ta waƙar Marvin Gaye da Tammi Terrell, duk da cewa Terrell ta rasu tun 1970 tana da shekara 24. A shekarar ta 1967 Sam da Dave suka fitar da "Soul Man" a kamfanin Stax, sunayensu biyu a jere a kan faifan. A ƙasar Hausa ma muna da ɗimbin waƙoƙin murya biyu, namiji da mace, waɗanda suka mamaye kunnuwan matasa fiye da shekara ashirin. Sai dai a wurinmu suna ɗaya ake riƙewa, na biyun kuwa yakan salwanta. Ra'ayina shi ne wannan asara ce ga nazari, kuma mu manazarta muna da hannu a cikinta.

Musayar murya daɗaɗɗiya ce a al'adarmu. 'Yan mata suna yin ta a gaɗa, 'yan gambara sukan yi ba-ni-in-ba-ka a kasuwa, makaɗan fada da na jama'a suna da 'yan amshi. Amma a ƙungiyar makaɗi irin ta Mamman Shata ko Narambaɗa, jagora ne mai ɗiyan waƙa, 'yan amshi suna riƙe masa gindi ko su yi masa ƙari. Don haka jingina waƙar ga jagora shi kaɗai bai saɓa wa tsarin ƙungiyar ba. A kan wannan tsari aka gina hanyoyin nazarin waƙar baka da muke koyarwa, ciki har da wadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ake farawa da tarihin makaɗi kafin a shiga turke da salo.

Waƙar fim ta zo da wani zubi daban. Bayan Turmin Danya a 1990, da bunƙasar da ta biyo bayan fina-finai irin su Sangaya a Kano da Wasila a Kaduna, sai waƙar saurayi da budurwa da kiɗan fiyano ta zama ginshiƙin kasuwar. A nan mace ba amshi take yi ba. Tana da nata baitin, tana tambaya, tana musu, tana gindaya sharaɗi, wani lokaci ma ita ce mai kalmar ƙarshe. In aka cire muryarta, turken waƙar ya rushe, domin a tsakanin maganganun biyu ma'anar take. Duk da haka, ɗalibi yakan rubuta kundi sukutum a kan waƙoƙin mawaƙi namiji, ya feɗe baitocin da mace ta rera a matsayin nasa, ba tare da ya ambaci sunanta ko sau ɗaya ba.

Dalilan ɓacewar sunan a fili suke. Na farko, jarumai ne ke motsa baki a fim, don haka mai kallo yakan jingina waƙar ga fuskar da ya gani. Na biyu, da mawaƙa maza irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ɗan Kaduna, suka fara fitar da kundin waƙoƙi da sunansu, sun fita daga bayan labule, amma galibin matan da ke rera musu sun ci gaba da zama a can. Na uku, a yawancin lokuta ana biyan mace ladan rerawa ne a situdiyo, magana ta ƙare. Akwai kuma kunya da gudun surutun jama'a, waɗanda kan sa wata ta gwammace a ɓoye ta. Wasu kaɗan, irin su Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba da Zuwaira Isma'il, sunansu ya fito, amma ko su babu cikakken jerin waƙoƙin da muryarsu ke ciki.

Za a iya cewa namijin ne ya rubuta waƙar, saboda haka tasa ce. Hujja ce mai nauyi, amma ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato haƙƙin tsarawa da haƙƙin rerawa. Waƙar Gaye da Terrell ba ɗayansu ne ya rubuta ta ba, Nickolas Ashford da Valerie Simpson ne, kuma kowa an ba shi matsayinsa. Za a kuma iya cewa mawaƙan namu ba tagwayen dindindin ba ne, sau da yawa ma kowa daban ake ɗaukar muryarsa. To, ita ma waccan waƙar daban-daban aka ɗauki muryoyinta, daga baya aka haɗa.

Indiya, wadda Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka nuna tasirin fina-finanta a kan namu, ta taɓa shiga wannan hali. Faifan fitacciyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949 ya fito ne da sunan Kamini, wato sunan jarumar a cikin labarin, sai da masu sauraro suka matsa da tambaya aka bayyana cewa Lata Mangeshkar ce. Mun kwaikwayi salon waƙar biyu daga wurinsu, muka bar gyaran da suka yi wa sunan mai rerawa.

Kaduna tana da abin da ake buƙata don fara gyara. Gidan Rediyon Tarayya, wanda ya soma aiki a 1962, ya daɗe yana isar da waƙoƙi ga masu sauraro ta shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka. Gidan Arewa da ke Titin Rabah cibiya ce ta adana tarihi tun 1970, ga kuma Jami'ar Jihar Kaduna da ɗalibanta na Hausa. Abin da ya rage shi ne a tattara jerin waƙoƙin murya biyu, kowace da sunan marubuci da mai kiɗa da masu rerawa, tun masu situdiyon farko suna raye kuma kaset bai gama lalacewa ba. Wadda ta nemi a sakaya sunanta, a mutunta buƙatarta, amma a tambaye ta tukuna.

Mujallunmu da sassanmu kuma su sanya ƙa'ida: duk maƙala ko kundin da ya nazarci waƙar murya biyu ya ambaci masu rerawar duka, ya kuma nuna baitin kowa. Ba ma karɓar baitin rubutacciyar waƙa ba tare da sunan mai shi ba, don haka babu dalilin da zai sa mu karɓi baitin da aka rera ba tare da sunan wadda ta rera shi ba.