Kafin a Ce Kwamfuta Ta Mutu, a Duba Ƙwaƙwalwarta

'Yan uwa malamai, a zangon karatun da ya gabata, muna tsaka da shigar da sakamakon jarrabawa, kwamfutar makarantarmu ta sandare. Mu kashe mu kunna, jim kaɗan ta sake tsayawa cik. Mai gyaran da aka kira ya ce sai dai a sayi sabuwa. Da yake babu kuɗin, aka jingine ta a sito, muka koma cike takardun yara da hannu har dare.

Bayan mako biyu wani tsohon ɗalibina ya buɗe ta, ya zaro wasu 'yan falle biyu masu kama da guntun rula, ya goge bakinsu mai ruwan zinare da kilinar goge fensir, ya mayar. Har yau tana aiki. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Waɗannan fallayen su ake kira RAM, kuma matsayinsu ɗaya da allon aji: a kansu na'urar ke rubuta aikin da take yi a lokacin, da an kashe ta kuma ya goge. Idan ƙurar hunturu ta shiga raminsu, ko suka sassauta, ko ɗaya ya lalace, sai ta karanta abin da ba shi aka rubuta ba, ta sandare ko ta nuna shuɗin allo.

Binciken ba shi da wuya. Da izinin shugaban makaranta, a kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a taɓa ƙarfen jikinta domin sauke lantarkin da ke jikin mutum. A ciro fallayen, a share ƙura, a mayar har sai maƙallan gefe sun kama. Idan ba ta daina ba, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai bayyana. Windows ma na ɗauke da manhajar gwaji: a rubuta mdsched a wurin bincike, za ta sake kunna na'urar ta auna su. In sayen wani ya kama, a kula cewa DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, domin tsagarsu ba wuri ɗaya take ba.

Gaskiya ne zafi ko lalacewar ma'ajiyar bayanai ma kan haddasa sandarewa, kuma wannan aikin masana ne. Amma hankali ya ce a fara da abin da ba ya cin ko kwabo.

Saboda haka ina kira ga reshenmu da ya shirya bitar yini guda, kowace makaranta ta turo malami ɗaya da kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda aka jingine. Muna koya wa yara darasin kwamfuta a kan allo, alhali na'urorin na kulle a sito saboda ƙura.