Girman Taya Ba Shi Ne Ƙarfin Tarakta Ba

Da ruwan sama ya ɗauke, aka shiga yankan shinkafa a Kura da Bunkure da Garun Malam, sai hidimar noman rani ta tashi. Kowa so yake a yi masa haro da wuri, domin ya sami shuka alkama cikin watan Nuwamba kafin sanyi ya yi nisa. A wannan lokaci ne masu tarakta kan kwance kuɗi su sayi tayoyi, a nan ne kuma akan yi wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum ya shiga kasuwa ya ce a ba shi wadda ta fi kowace girma, wai ita ce ƙarfi. To, ba haka abin yake ba. Abu uku ne ya kamata su zaɓa wa mutum taya: ƙasar da za a taka, da aikin da za a yi, da ƙirar motar kanta.

Dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki shi ne, gonakinsa ba kamar na tudu ba ne. Tun farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka soma shirya filayen Kadawa domin ban ruwa, aka gama madatsar Tiga a 1974, sa'an nan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan Tiga ba famfo ke tura shi ba, da kansa yake gangarowa ta kanal har cikin fangali, saboda haka komai ya dogara ga daidaiton ƙasa. In taya ta bar kwari mai zurfin taƙi guda a tsakiyar gona, ruwa ya sami inda zai kwanta, gefe guda ya sha ya ƙoshi, gefe guda ya ƙone. Har wa yau ƙasar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara ta fi ta tudu shan taku, galibi kuma da danshi ake taka ta.

KARATUN LAMBAR TAYA

Kowace taya da lambarta a jiki, wanda kuwa bai iya karanta ta ba, da ka yake ciniki. In an ga 16.9-30, lambar farko faɗin tayar ce, watau inci 16.9, ta biyun kuma girman wili ne, watau ƙarfen da taya ke zama a kansa, inci 30 daga baki zuwa baki. Tarakta Massey Ferguson 375, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, da 16.9-30 takan zo a baya, da 7.50-16 a gaba. Yayarta 385 da 18.4-30 takan zo, ƙaramarsu 240 kuma da 12.4-28. In an ga harafin R a tsakiya, kamar 16.9R30, wannan radiyal ce mai taushin gefe. Akwai kuma sabon rubutu na milimita, inda 420/85R30 ke daidai da 16.9R30. Can gefe za a ga 6PR ko 8PR, shi ne ƙarfin ninkin tayar da gwargwadon kayan da za ta ɗauka.

Wili ma yana da nasa faɗi. Taya 16.9 wili mai faɗin inci 15 take so, 18.4 kuwa mai inci 16, 12.4 mai inci 11. Wanda ya cusa faffaɗar taya bisa siririn wili ya sa ta yi ƙusumbi, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Ya biya kuɗin faɗi, bai sami faɗin ba, tsakiyar kuma ta riga gefe cinyewa.

FAƊI DA ISKA

Kowa ya san raƙumi ya fi jaki nauyi nesa, amma cikin rairayi jaki ne ke nutsewa, domin tafin raƙumi shimfiɗuwa yake yi. Haka taya take. Ƙarfin da take danna fuskar ƙasa da shi kusan daidai yake da iskar da ke cikinta. Tayar bayan tarakta a gona, awo 12 zuwa 18 a gejin mai faci yakan ishe ta, gwargwadon nauyin da ke bisa. Amma sau da yawa sai a tarar an ɗura mata 30 kamar ta motar shiga, musamman radiyal, wadda gefenta kan ɗan kumbura ko da iskarta daidai, mai faci ya zaci saki ta yi. Amfanin faffaɗar taya ɗaya ne, tana ɗaukar nauyi da iska kaɗan. In an cika ta tam, an mai da raƙumi jaki.

Ƙasar da aka danne da danshi takan danƙare daga inda haro ya tsaya zuwa ƙasa. Mai shinkafa zai ce wannan bai dame shi ba, domin danƙararriyar ƙasa tana riƙe masa ruwa. Gaskiya ne, amma wannan fangali shi ne zai karɓi alkama ko masara ko tumatir da rani, su kuwa saiwarsu zurfi take nema. Ta iske ƙasa kamar daɓe sai ta kwanta, shuka ta yi ja, a ɗora laifi kan taki ko iri. Masana ƙasa sun daɗe da gane cewa takun farko shi ke yin mafi yawan ɓarnar, gyaranta kuwa sai shekaru. Da tsalle ɗaya akan faɗa rijiya, amma da tsalle dubu ba a fita.

Duk da haka faɗi ba ko'ina yake da kyau ba. Taya 18.4 ta kusa santimita 47, ita kuwa 12.4 ba ta wuce 32 ba. Inda aka ja kunya da tazarar santimita 75, faffaɗar taya kafaɗar kunya za ta riƙa ci tana tattake saiwa. Aikin cikin shuka na siririyar taya ne, haro da daidaita fili na faffaɗa.

TSAWO DA HAƘORA

Wanda ya ƙara wa taya tsawo ya canja wa motarsa giya bai sani ba. Taya 16.9-30 tsayinta wajen inci 58 ne, 18.4-34 kuwa wajen inci 65. In aka musanya su, motar za ta ƙara sauri bisa titi, direba ya ji daɗi, amma ƙarfin ja ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. A shiga gona a saukar da haro, inji ya kama nishi yana baƙin hayaƙi, kulochi da birki da boris su ɗauki wahalar da ba a ƙera su dominta ba.

Abin ya fi muni ga tarakta mai ja da ƙafa huɗu. Maƙeranta sun auna ta yadda ƙafar gaba za ta ɗan fi ta baya sauri, da kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. Shi ya sa 385 mai ja da huɗu ke zuwa da 12.4-24 a gaba, 18.4-30 a baya. Wanda ya canja na baya kaɗai ya haɗa gaba da baya faɗa, wannan na ja, wannan na turawa, har haƙoran giya su kakkarye. Kada kuma a haɗa radiyal da wadda ba radiyal ba, ɗaya dama ɗaya hagu, ko sabuwa da wadda ta suɗe.

Haƙoran taya iri iri ne. R-1 ita ce ta aikin gona na kullum. R-2 zurfin haƙoranta ya kusa ninka na R-1, an yi ta domin taɓon shinkafa da rake, takan ratsa laka ta kama ƙasa mai ƙarfi. Amma bisa kwalta rawa take yi tana cinyewa da sauri. Mai tarakta guda da zai yi haro da safe a Kadawa, da yamma ya ja tirela bisa titin Kano zuwa Zariya, R-1 ta fi masa. Haƙoran kuma suna da gaba da baya: in an duba tayar daga sama, tsinin zanen ya fuskanci gaba, domin ta riƙa tofar da laka gefe. In an juya ta sai ta cika da taɓo ta zama sumul. Taɓo mai zurfi kuwa ba na babbar tarakta ba ne. Kafin 1932, lokacin da kamfanin Allis-Chalmers na Amurka ya fito da tarakta mai tayar iska, ƙafar ƙarfe aka sani. Har yau ƙaramin injin huɗa na hannu mai ƙafar ƙarfe kamar keji ya fi dacewa da fangalin da aka cika da ruwa.

AWON DA KOWA ZAI IYA

Ba sai an yi musu a bakin gona ba. A yi wa tayar baya alama da alli, a tuƙa da haro a ɗage, a ƙirga juyi 10, a auna tsawon tafiyar da igiya. Sa'an nan a saukar da haro a sake juyi 10 a auna. In na biyun ya gaza da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, aiki yana daidai. In ya gaza da fiye da 20, tayar santsi take yi, ana ƙona mai ana ƙwaƙule gona. Maganinsa a fara duba iska, sa'an nan a ƙara nauyi da ƙarfe, ko a ɗura wa tayar ruwa kashi uku cikin huɗu. In za a koma jiƙaƙƙen wuri, a zubar da ruwan nan.

GA 'YAN KASUWA DA AKAWUNA

Ba tarakta kaɗai ke taka gona ba. Lokacin ɗibar tumatir akan ga babbar mota ta bar titi ta bi bakin kanal har gindin gona, don a rage kuɗin dako zuwa Kwanar Gafan. Tayar babbar mota iskarta takan kai 100, watau ta ninka ta tarakta sau biyar ko shida, nauyin da ke bisa ƙafarta kuma yakan danne ƙasa har inda garma ba ta kaiwa. Bakin ƙaramin kanal ƙasa ce aka tara, in ya zabtare ruwan mutum hamsin ya yanke saboda kwandunan mutum ɗaya. Da rancen Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014 aka gyara kanal da yawa a wannan shiri, bashi kuwa jama'a ke biya. Ya kamata ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su tsai da doka: babbar mota ta tsaya a hanyar da aka yi dominta, amalanke da ƙaramar tirela su fito mata da kaya.

Akawun ƙungiya ko na ma'aikata da ke rubuta takardar saye, lalle ya je ya kwafi lambar daga jikin taya da littafin motar, harafi da ɗigo, kada ya rubuta "tayar tarakta babba" kurum. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tayar ƙasar waje ta mamaye kasuwa, kuɗinta kuwa dala yake bi. Wannan ne ke tura mutane ga ta gwanjo, kowace lamba aka samu a ɗaura. Mai tarakta zai ce ba shi da halin ajiye taya kashi biyu, ɗaya ta haro ɗaya ta kunya. An ji uzurinsa. To, ya tsaya kan lambar da motar ta zo da ita, ya sayi geji nasa na kansa, ya rage iska in zai shiga gona, ya ƙara in zai hau titi da kaya. Kuɗin geji bai kai na man yini guda ba, araha kuwa ba ta ado.

Manomin da ke biyan kuɗin haro shi ma yana da ta cewa, domin gonarsa ce za a taka. Kafin mota ta shiga, ya ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi guda ya dunƙula. In ta mulmulu kamar tuwo ta bar sheƙi a tafin hannu, ba ta yi ba tukuna, a dakata kwana biyu ko uku. In ta farfashe, a shiga. Mai tarakta zai karɓi kuɗinsa ya wuce gonar gaba, mai gona shi ne zai zauna da sawun tayar har kaka ta zagayo.