A Buɗe Ƙofar da Aka Rufe Aka Manta

 Batun da za mu ɗauko yau ƙarami ne a ido, amma ɓarnarsa tana da yawa, ga ma'aikata da talakawa baki ɗaya. Batun shi ne jerin sunayen mutanen da aka toshe a cikin akwatin wasiƙar intanet, wato imel.

Aikin fassara ya kai ni Gure, ƙasar Muniyo, a gabashin jihar Damagaram, bisa babbar hanyar da ta nufi Diffa. A wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba, na tarar da wani dattijo, shugaban ƙungiyar masu lambu a cikin kwarin dabino, ya biya kuɗin mota ya zo da fushi. Ya ce sau uku ɗansa yana aiko takardar neman taimakon injin ban-ruwa, ba amsa. Ma'aikacin ya rantse bai ga komi ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Da muka duba kwamfuta, sai ga adireshin ƙungiyar cikin jerin waɗanda aka toshe. Wanda ya riƙe kujerar a da shi ya sa shi, an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi ya bar ƙofar a kulle. Kafin a gane, wa'adin karɓar takardu ya wuce.

Bari mu bayyana yadda abin yake aiki, domin wanda bai sani ba ya sani. Kowane akwatin imel yana da wurin da ake rubuta adireshin wanda ba a son saƙonsa. Gmail ta ƙara wannan maɓalli a shekarar 2015. Idan ka toshe mutum a Gmail, wasiƙarsa tana zarcewa cikin akwatin tarkace da ake kira Spam, kuma bayan kwana 30 na'urar ta goge ta da kanta. A Outlook ma wasiƙar tana faɗawa cikin tarkace, kuma a can mutum yana iya toshe ma'aikata sukutum da layi ɗaya, idan ya rubuta sashen adireshin da ke bayan alamar @. A Yahoo kuwa, wadda ma'aikatanmu da yawa suke aiki da ita, saƙon wanda aka toshe ba ya isowa gabanka sam. Abin da ya fi muni shi ne ba a sanar da mai aikowa. Yana can zaune yana jiran amsa.

A zamanin iyayenmu, idan wasiƙa ta rasa mai karɓa, gidan waya yakan buga mata hatimi ya mayar wa mai ita. Mutum ya san inda ya kwana, ya sake dabara. Yau wasiƙa tana ɓacewa shiru. Malamin yaƙi da jahilci da ke Kelle ko Bune ya aiko rahoto, ya zaci an raina shi. Na ofis ya zaci malamin ne malalaci. Haka zargi yake shiga tsakanin mutanen da ba su yi wa juna laifin komi ba.

Wani zai ce: to, ai ba a banza aka yi toshewar ba. Gaskiya ne, kuma ba mu musa ba. Tun a shekarar 1978, a Amurka, wani ɗan kasuwa ya watsa tallar kwamfuta ga ɗaruruwan mutanen da ba su nema ba, kuma daga ranar tarkace bai daina ƙaruwa ba. Akwai ƴan damfara masu cewa ka ci gado ko caca. Akwai marasa kunya masu damun matan mutane. Irin waɗannan a bar su a kulle, ba wanda zai ga laifinka. Sai dai a lura: ɗan damfara yana sake adireshi kamar yadda yake sake riga, saboda haka toshe tsohon adireshinsa ba ya hana shi dawowa. Wanda toshewa take kamawa da gaske shi ne mutumin kirki mai adireshi ɗaya tak, wanda aka danna wa maɓalli cikin fushi, ko cikin kuskuren yatsa a kan salula.

Don haka ba mu ce a share jerin duka ido rufe ba. Cewa muka yi a yi sheƙa, a raba tsaba da ƙaiƙayi. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba. A Gmail, ka shiga wurin saiti, ka nemi inda aka rubuta «Filtres et adresses bloquées», za ka ga sunayen a jere, kowane da kalmar «Débloquer» a gefensa. A Outlook suna ƙarƙashin «Courrier indésirable». Ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka sani, ka buɗe masa. Sannan ka leƙa akwatin tarkace ka fito da wasiƙunsa da suka rage, domin buɗewar ba ta dawo da su da kanta, kuma abin da aka riga aka goge ya tafi ke nan.

Ga shugabannin ma'aikatu muna da kira guda uku. Na farko, ranar da ma'aikaci zai miƙa aiki ga magajinsa, yadda ake ƙirga kujeru da makullai da hatimi, a buɗe wannan jeri a duba shi tare. Na biyu, kada a toshe kowa a akwatin hukuma sai da sanin shugaba, a kuma rubuta dalili. Na uku, a daina gudanar da aikin gwamnati da adireshin mutum na kansa, domin ranar da ya tashi, da wasiƙun jama'a zai tashi. Mu tuna cewa a ranar 23 ga watan Fabrairu 2011 ƙasarmu ta kafa doka mai lamba 2011-22, wadda ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman labari da takardun hukuma. Ina amfanin haƙƙin tambaya idan an toshe kunnen mai amsawa? Akwatin ofis ba zauren gidan ma'aikaci ba ne. Na jama'a ne, amana aka ba shi.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka koyi karatu da rubutu da girmanku, kada shiru ya karya muku gwiwa. In kun aika saƙo mako ya zagayo ba amsa, ku buga waya, ku roƙi a duba cikin tarkace tun kwana 30 ba su cika ba. Ku riƙa ajiye kwafin abin da kuka aika, da ranarsa.

Ni kaina da na koma gida na buɗe nawa jerin, na tarar da sunan wani abokin karatuna na makarantar horon malamai, wanda muka yi saɓani da shi a kan abin da yanzu ko tunawa ba na yi. Na buɗe masa, na rubuta masa gaisuwa. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kowa ya duba tasa tukunyar a wannan mako.

Allah ya ba mu zaman lafiya da fahimtar juna.