Bayan an yi kisa, wa ke duba kan ɗan damben da ya faɗi?

A gidan damben Ado Bayero Square da ke Kano, babu lokacin da sowa ke tashi kamar sa'ad da naushi ya kai ɗan dambe ƙasa. A harshen wasan, an yi kisa ke nan. Kalangu ya ɗauka, a yi wa gwani liƙi, wanda aka buge kuwa a janye shi gefe, a yayyafa masa ruwa. Da zarar ya miƙe, sai a ce ya warware.

Amma a likitance miƙewa ba ta nuna lafiya. Naushi mai ƙarfi na girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, kuma galibin waɗanda hakan ta same su ba sa suma. A gangamin da FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar a Satumban 2024, sun yi gargaɗin cewa alamomin kan ɗauki har awa 72 kafin su bayyana. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, ruɗewa, jan magana, farfaɗiya ko barcin da ya wuce kima na iya nuna cewa jini na taruwa a cikin kai, kuma jinkiri kan jawo asarar rai. A Agustan 2025, 'yan damben zamani biyu na Japan, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, sun mutu sakamakon irin wannan zubar jini bayan wasannin da suka yi a dare ɗaya a Tokyo.

Akwai kuma illar da ke ɓoye shekaru. Ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, ya wallafa binciken 2005 da ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa a jikin wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ya sha buguwar kai.

Kano ba ta rasa inda za a kai mara lafiya ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da ke titin Zariya a Gyadi-Gyadi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, na da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Giɓin yana tsakanin fili da ƙofar asibitin, kuma tushensa kuɗi ne. Ɗan dambe na cin abinci ne ranar da ya sa zare, don haka hutun makonni na nufin yunwa, ga kuɗin hoton kai daga aljihunsa. Mai gidan dambe kuma ba ya son rasa wanda ke jawo masa 'yan kallo. Kowa na da dalilin yin shiru.

Shi ya sa nasiha kaɗai ba za ta wadatar ba. Tun Yulin 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka ba masu shirya gasa damar ƙarin canji idan ana zargin ɗan wasa ya bugu a kai. Hukumar wasanni ta Kano da majalisar dokokin jihar na iya gindaya sharaɗi makamancin haka ga gidajen dambe da gasannin unguwa: ma'aikacin lafiya mai ikon dakatar da wasa, motar ɗaukar mara lafiya, haramcin komawa fili a ranar da aka bugu, da wani kaso na kuɗin ƙofa domin jinya da hutu.

Dambe ya shiga YouTube, kuɗi na shigowa. Matasan da ke sayen tikiti na da ikon tambayar nawa ne daga ciki ke kaiwa ga wanda aka janye gefe.