Idon Kifi Da Ƙofar Haske: Kada Ki Ba 'Yan Gwangwan Tsohuwar Kyamarar Gida



A gidaje da dama na Bebeji, Kiru da Tudun Wada akwai tsohuwar kyamara a ƙasan akwati: ta wani kaka da ya sayo a aikin Hajji, ko ta wani baffa da ya yi sana'ar ɗaukar hoto a biki da suna kafin waya ta karɓe kasuwar. Ƙarshenta ɗayan biyu ne: ko a ba 'yan gwangwan, ko yaro mai ƙiriniya ya kwance ta ya sha duka. Duka biyun asara ne, domin a cikin gilashin kyamarar nan akwai darasin da zai gyara miki hotunan wayarki, kuma ya mayar da ƙiriniyar yaro karatu.

Bari mu fara da gilashin da ya fi kowanne ban mamaki, wanda ake kira idon kifi. Idan kin taɓa tsayawa a bakin Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kin ga ruwa daga sama. Shi kuwa kifin da ke ƙasa yana ganin sama da bishiyoyi da masunta duk a tattare cikin da'ira guda, saboda haske yana lanƙwasa idan ya shiga ruwa. Wani masanin Amurka, Robert Wood, ya gwada hakan a 1906 da bokitin ruwa, shi ne ma ya raɗa sunan. A 1924 aka ƙera irin gilashin a Ingila bisa tsarin Robin Hill, don a ɗauki hoton gajimaren sama gaba ɗaya a lokaci guda. Gilashin a kumbure yake kamar bayan ƙwarya, yana haɗa digiri 180, wato duk abin da ke gabanki daga dama har hagu. Ɗan gilashin da ake sa wa ƙofa don leƙa mai sallama, irinsa ne.

Ba kowane gida ke da idon kifi ba, amma kusan kowane gilashin kyamara yana da abin da za mu kira ƙofar haske. Wani ɗan rami ne a ciki da ke buɗewa yana tsukewa. Ki duba idon kyanwa: da rana baƙin tsakiyarsa siriri ne, da dare ya buɗe ya yi faɗi. Haka ƙofar take aiki. Lambobin da ke jikin zoben gilashin, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, su ne ma'auninta. Abin da ke rikita mutane shi ne, lamba babba rami ƙarami. Duk tsallake ɗaya zuwa gaba, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Idan ƙofar ta buɗe sosai, hoto zai yi haske a ɗaki mai duhu, amma abin da ke bayan mutum zai dushe. Idan ta tsuke, na kusa da na nesa duk za su fito tar, sai dai tana buƙatar rana.

A yawancin tsofaffin gilasai, wasu 'yan faifan ƙarfe ne sirara kamar reza ke haɗuwa su yi ramin. Idan sun daɗe a ajiye, maiƙo da ƙurar hunturu sukan sa su maƙale. Wasu tsofaffin idon kifi kuma ba su da faifan, sai faranti mai ramuka daban-daban da ake juyawa. Masu sha'awar tsofaffin kyamarori sukan kwance gilashin, su wanke faifan, ko su yanka baƙar takarda mai rami daidai girman da suke so su dasa a ciki. A gilashi na yau da kullum ana iya ɗora takardar a gaba. A idon kifi ba ya yiwuwa, domin za ta tare gefe da gefe, alhali ganin gefen shi ne amfaninsa. Dole sai an shiga can tsakiya, kuma kuskuren da bai kai kaurin farce ba yana iya lalata hoton.

Shi ya sa kwance gilashi ba aikin yaro ba ne, ba kuma aikin wuƙar girki ba ne. Ki goge bayansa da ƙyalle mai laushi, ki ajiye a wuri busasshe. Yankinmu, musamman wajen Doguwa da Riruwai, ya fi arewacin Kano samun ruwan sama, kuma danshin damina yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi ta cinye shi. Kada kuma a bar shi a buɗe yana kallon rana, yana iya tara zafi ya ƙona abu. In ana son gyara, a kai wa mai gyaran kyamara.

To yaron fa, da hannunsa ke ƙaiƙayi? Ki ba shi aikin da ya fi kwance kyamara daɗi. Ku samu kwalin takalmi, ku yanke taga a gefe ɗaya ku manna farar takarda da aka ɗan shafa wa man gyaɗa. A ɗaya gefen ku huda rami da allura. Ku shiga ɗaki, ku juya ramin wajen tsakar gida da rana, ku lulluɓe kai da zane. Bishiyar gidan za ta fito a takardar, kai a ƙasa. Sannan ku faɗaɗa ramin da ƙusa: hoton zai ƙara haske amma ya dushe. Yaro ya gyara ƙofar haske da hannunsa ke nan. Ki gaya masa cewa Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira, ya bayyana wannan a littafinsa Kitabul Manazir shekaru kusan dubu da suka wuce. Ki sa 'yan matan gidan a ciki, ba na maza kaɗai ba ne. Sharaɗi ɗaya: kada kowa ya kalli rana kai-tsaye.

Sai wayar da ke hannunki. Yawancin wayoyi ƙofar haskensu a kafe take, ba ta motsi. Kaɗan ne, irin Samsung Galaxy S9 ta 2018, ke sauyawa tsakanin rami biyu. Tun da ba za ki iya ƙara faɗin ƙofar ba, sai ki ƙara hasken. Ki fito da jariri ko kaka bakin ƙofar ɗaki ko inuwar rumfa, hasken ya faɗo a fuskarsu, ke ki ba hasken baya. Ki goge idon wayar da gefen mayafi, domin maiƙon girki na dusar da hoto. Idan wayarki tana da alamar 0.5, to gilashi mai faɗin gani ne, ƙanin idon kifi. Yana da kyau wajen ɗaukar jeren ɗakin amarya ko taron suna, amma yana ja fuskar wanda ke gefe ta yi tsawo. Ki sa manya a tsakiya, in fuska kike so ki koma 1 ki ja baya kaɗan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa hoton da aka ɗauka a gaggauce ranar suna shi ne kaɗai jikoki za su san fuskar kakarsu da shi. Bai kamata ya fito baƙi ƙirin ko a karkace ba.

Wadda ke da tsohuwar kyamara a gida ta faɗa mana sunan da lambobin da ke jikin gilashinta.