Wa Ya Ce Karatun Jami'a Ba Ya Cika Rumbu?

Wasu iyaye a Tasawa da Mayahi na cewa karatun jami'a ɓata lokaci ne. To, su dubi buhun PICS da ake adana wake a ciki. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro shi, masu binciken INRAN a Maraɗi suka gwada shi. Leda biyu cikin buhu, a ɗaure tam: iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a zuba guba ba. Manomi ya ajiye wakensa har ya yi daraja, maimakon ya karyar da kaka.

Malamai, ku kai buhun nan aji ku bayyana wa yara sirrinsa. Iyaye, kafin ku cire yaro daga makaranta, ku tuna wa ya ceci wakenku.