Ra'ayinmu: A Bar Gizo Ya Shigo Aji



A zangon da ya wuce mun nemi ku aiko da ƙagaggun labarai don mu liƙa a wannan allo. Mun gode, kun aiko. Sai dai da muka zauna karantawa, mun ga kamar mutum ɗaya ne ya rubuta yawancinsu: yaro ya ƙi jin magana, ya fita, ya gamu da bala'i, ya dawo yana kuka. Labari ɗaya ne ya fita daban. Wata ƙanwarmu ta rubuta yadda wata yarinya ta hau bayan dorina, suka nutse cikin tafkin Kainji, ta tarar da tsohon garin kakanninta yana nan, kasuwarsa tana ci. A ƙasan takardar ta roƙe mu kada mu sa sunanta, don kada a ce maƙaryaciya ce ko tana da aljanu. Wannan roƙo nata ne ya sa muka ɗauki alƙalami yau.

Gaskiya ne tatsuniyoyinmu suna koyar da biyayya. 'Yar bora da aka aika wanke ƙirgi a ruwan Bagaja ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta yi rashin kunya, ta kwaso wahala. Yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙare a hannun dodo. Amma bakin da ya ba mu waɗannan shi ne ya ba mu Gizo, wanda ba ya bin layin kowa, kullum da sabuwar dabara. Wani lokaci ya ci riba, wani lokaci ya sha duka, amma ba a taɓa korarsa daga tatsuniya ba. Ita ma 'yar bora, ai ita kaɗai ta kama hanyar da ba ta sani ba. Da ta zauna a tsakar gida, da babu labari.

Haka abin yake a littattafai. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Wato labari ya zama igiyar tsare yaro. Amma wane ne gwarzon littafin? Ɗan tsuntsu ne da ba shi da komai sai baki da basira, har ya kai ga sarautar waziri. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro mai ƙiriniya, Kilba, ya kai shi yawo sararin samaniya. Da waɗannan marubuta sun ji tsoron a ce musu maƙaryata, me za mu karanta yau?

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, ƙarya haramun ce. Haka ne. Amma ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Babu ɗan Yauri da zai yarda an hau dorina, kowa ya san ba abar wasa ba ce. Mai tatsuniya yana buɗewa da sanarwa, ya rufe da ƙurunƙus, bai yaudari kowa ba. Na biyu, za a ce jarrabawa ba ta tambayar mafarki. To, amma wanda ya saba haddace labarin wani, ranar da aka canza masa tambayar insha'i sai ya zura wa takarda ido.

Mu kuwa muna da dalili na musamman. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tashi dubban mutane, cikinsu da Gungawa masu yawa. Tsofaffin da suka ga wuraren nan da idonsu suna ƙarewa. Yaran Ngaski, Wara, Shanga da Yelwa ba za su taɓa taka su da ƙafa ba, sai da tunani. In muka tsorata mai tunani, mun sake nutsar da garuruwan karo na biyu.

Don haka muna roƙon malamanmu, in ɗalibi ya kawo labarin da bai yi kama da na kowa ba, a gyara masa ƙa'idar rubutu, a bar masa dorinarsa. Ku kuma 'yan'uwa, ku daina yi wa juna dariya. A je gida a tambayi kaka, da Hausa ko Gunganci ko Kambarci, a ƙara da naka, a kawo.

Labarin ƙanwarmu yana nan a gefen dama na allon, babu suna, kamar yadda ta roƙa. Muna fata na gaba zai zo da sunanta.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta